An riƙe katin zaɓen ɗana, yanzu kuma babu sunansa a rajista

Maman Abdul, Aboabo (Kumasi):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, jiya ban runtsa ba. Ɗana na fari ya cika shekara 18 a bana, 2024, ya je rajistar zaɓe a watan Mayu. Bai sami Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ba tukuna, sai ya tafi da mutum biyu su tsaya masa, ƙanena da maƙwabcinmu. An ɗauki hotonsa da yatsunsa, saura a miƙa masa kati, sai wani wakilin jam'iyya da ke zaune a benci ya miƙe ya ce yaron ba ɗan ƙasa ba ne. Hujjarsa kawai sunan yaron da Hausar da ya ji yana yi. Ya cike takarda, aka riƙe katin.

Kakan mijina fataucin goro ya kawo shi daga Kano, ya zauna a Salaga kafin ya sauko Kumasi, tun Bature na mulki. A nan aka haifi surukina, a nan aka binne shi. Lokacin korar baƙi ta Firaminista Busia a 1969 ƙanen surukina ya bi motar Legas da tabarma da buta, bai sake dawowa ba, amma surukina bai motsa ba. Uwata kuwa Badagomba ce daga Yendi. Kowa a layinmu ya san gidanmu, kuma kowa ya san inda muke dangwalawa.

Da aka baje rajista ranar 20 ga Agusta na je da kaina, na bi takardun da yatsa har sau uku. Babu shi. Ranar 27 za a rufe. Yaron ya daina zancen gaba ɗaya, ni ce abin ke ci. Ina zan nufa?

Malam Sani, Nima:
Wa alaikumus salam. Hajiya, akwai abin da kika tsallake. Duk wanda aka ƙalubalanta, kwamitin duba rajista na gunduma yana kiransa ya zo ya kare kansa. An kira shi? Ya je?

Maman Abdul:
An kira shi, Malam. Ban bar shi ya je ba. Babansa yana kan hanyar Tamale da mota, kuma an ce mini akwai ɗan sanda a zaman. In tura yaro shi kaɗai gaban manya su rikita shi da Turanci?

Malam Sani:
To a nan gizo ke saƙa. Wanda ya ƙalubalance shi abin da yake fata ke nan, ku ji tsoro ku zauna a gida. Shari'ar kuma a hannunki take. Sashe na 6 na kundin tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan kundin ya fara aiki ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Ki ajiye labarin goro, ki riƙe kakarsa ta Yendi. Sashe na 42 kuma ya ba duk ɗan ƙasa mai shekara 18 da hankali 'yancin rajista da zaɓe. Gobe da sassafe ki je ofishin hukumar zaɓe ki nemi hukuncin kwamitin a rubuce, domin ana ɗaukaka ƙara zuwa gaban alƙalin babbar kotu.

Yaya Rabi:
Ni ma da na je neman wata takarda, jami'in sai da ya tambaye ni ina ne garinmu na asali. Na ce Sabon Zango. Ya ce a'a, garinku na gaskiya. Shekarata 52, ban taɓa tsallaka iyaka ba. Kuka na yi a cikin mota har gida. Ki kai musu takardar haihuwar yaron, ƙanwata.

Malam Sani:
Yaya Rabi, kada ta dogara da wannan kaɗai. A 2020 Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ba ta isa shaidar rajista ba, haka tsohon katin zaɓe. Ghana Card, fasfo, ko mutum biyu masu rajista. Jam'iyyar NDC ce ta kai ƙara kan tsohon katin, ta sha kaye. Maman Abdul ta tafi da uwarta da Ghana Card ɗin uwar.

Ɗan Asawase:
Mama, bar wahalar kotu. Ki je ofishin jam'iyyarku a mazaɓa, suna da lauyoyi. Wannan shiri ne na rage ƙuri'un zango, ba tun yau ba.

Alhaji Mai Taya:
Yaro, ka faɗi gaskiya duka. A 2016 ba NDC ce ke mulki ba da aka goge sunaye sama da dubu 56 na waɗanda suka yi rajista da katin inshorar lafiya? A 2015 jam'iyyar NPP ce ke kukan rajista ta cika da 'yan Togo, yau NDC ce ke kuka. Kuma ɗan takarar shugaban ƙasa na NPP a zaɓen 2024 Bawumia ne, Musulmi ɗan arewa, ba duk zango ne ke gefe ɗaya ba.

Ɗan Asawase:
Alhaji, wancan umarnin kotu ne a ƙarar da ɗan siyasa Abu Ramadan ya shigar, kuma an ba su dama sun sake rajista. Wannan yaron wa ya ba shi?

Baƙo a Ashaiman:
Ya je wata gunduma ya sake yi kawai.

Malam Sani:
Kul! Na'ura tana da yatsunsa, rajista biyu laifi ne. Hajiya, kin ji abin da na ce kuwa?

Maman Abdul:
Na ji, Malam, Allah ya saka. Amma ku da kuke cewa na yi kuskure, ba ku ga fuskar yaron nan ba ranar da ya dawo. Uwata ba ta iya hawa mota, ƙafa ta hana ta. Ofishin jam'iyya kuma ba zan je ba, shagona yana bakin titi, kowa nake sayar wa. Na fi son in fara zuwa wurin sarkin zango ya sa baki.

Malam Sani:
Sarki ba ya mayar da suna cikin rajista. Kwana huɗu suka rage miki.

Yaya Rabi:
Ki je wurin sarkin, ƙanwata, ko ba komai zai haɗa ki da wanda zai raka ku.

Maman Abdul:
Babansa zai dawo ranar Asabar, sai na ji ta bakinsa. Akwai wanda ya san ko ofishin hukumar zaɓe yana buɗewa ranar Lahadi?