Goɗiyata ta ƙi ɗaukar ciki, allura kuma ta ƙi ci

Mai Kili, Garwa:
Assalamu alaikum. Ina da goɗiya kili, shekararta wajen 11, ta haifa mini duƙushi uku lafiya lau. A haihuwar ƙarshe mabiyiya ta daɗe ba ta faɗo ba, tun daga nan abin ya rikice. A kai ta wurin ingarma ta tsaya, bayan sati uku ta sake nema, wani sa'in ma ba ta cika satin ukun. Farin ruwa mai kauri na fito mata, ya bushe a cinya da gindin wutsiya. Harawa da dusa kuwa tana ci sosai, jikinta ba zafi. An yi mata allurar oksitetrasaikilin ta kasuwa, ruwan ya ɗauke, ya dawo. Aka koma penisilin da sitireftomaisin, wadda maƙwabcina ya yi wa tasa har ta haihu bana. Tawa shiru. Ciwo iri ɗaya, magani iri ɗaya, me ya raba su?

Tsohon Ɗan Barga, Marwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin maganar allura, ɗaga wutsiyarta ka duba. Goɗiyar da ta manyanta ta sha haihuwa, duburarta kan lotsa ciki, gabanta ya kwanta, kashi ya riƙa zubowa a kai. Sa yaro ya sukwane ta ka saurara. In ka ji tana zuƙar iska ta baya, ko kantin magani ka juye mata ciwon zai dawo.

Malamin Dabbobi, Ngaundare:
Baba ya taɓo tushe. Wannan zuƙar iskar ɗinki ake yi mata, a haɗe saman gaban, aikin da ake kira da sunan likitan Amurka Caslick wanda ya bayyana shi a 1937, sai a farke in haihuwa ta matso.

Amma Alhaji, inda ka ce ciwo iri ɗaya, nan na tsaya. Mugunya dai fara ce a ido, wanda ya haddasa ta ne daban. A cikin ƙwayoyin cuta na bakteriya, wanda aka fi samu a mahaifar goɗiya shi ne Streptococcus zooepidemicus, sai E. coli mai zuwa daga kashi. Bayansu akwai Klebsiella da Pseudomonas, waɗanda ingarma kan iya ɗauka daga wannan goɗiya ya kai wa waccan. Na farkon har yau penisilin na kashe shi galibi, ina zaton shi ne ya kama ta maƙwabcinka. E. coli kuwa penisilin zalla ba ya yi masa komai, kuma da yawansu sun daina jin tetrasaikilin da amfisilin. Pseudomonas ya fi su taurin kai, yana shimfiɗa wata yauƙi a bangon mahaifa ya shige ƙarƙashinta, magani ya wuce ta sama.

Ko suna ya zo ɗaya ma ba a gama ba. Masu bin ƙwayoyin gadon Streptococcus ɗin nan sun ware shi zuriya-zuriya har ɗaruruwa, goɗiya biyu a barga ɗaya kowace na iya ɗauke da nata. Kamar 'ya'yan gida guda ne, sunan uba ɗaya, hali kowa da nasa. E. coli har musayar gadon bijire wa magani suke yi a tsakaninsu, ta wasu ƙananan zobba da ake ce wa filasmid. Duk allurar da aka yi a makance tana share masu rauni ta bar wa masu taurin fili. In aka daɗe ana yi kuma, naman gwari ya samu wuri ya shiga, shi ko ba ruwansa da waɗannan magunguna. Ni oksitetrasaikilin ɗin nan ma ba na son ganinta kusa da doki ba dalili, tana iya jawo zawo mai kisa.

Kai a Garwa kake, LANAVET, ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na ƙasar Kamaru, na nan Bokle kusa da kai. Likita ya ɗebo ruwan daga cikin mahaifa da tsinken auduga mai kube, lokacin da take neman ingarma, don sannan bakin mahaifa ke buɗe. A shuka shi a farantin gwaji don ƙwayar cutar ta tsiro, a jera ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna. Wanda ƙwayar ta kasa matsowa kusa da shi, shi ne naka. Kwana biyu zuwa uku ne. Sannan a wanke mahaifar da ruwan gishirin asibiti, a yi allurar oksitosin ta matse ragowar, kafin a zuba maganin, don mugunya na rage ƙarfin irin su jentamaisin.

Ɗan Kusiri:
Malam, a duba ingarman ma. A nan ingarma ɗaya sai ya zagaye unguwa. Kuma in ka ga gabanta ya kumbura, fata na tasowa faci-faci kamar kwabo, tana ramewa, baya na rauni, to wannan wata cuta ce ta barbara, dangin sammore, maganin bakteriya ba ya taɓa ta. Mu nan da yake gada kawai ce tsakaninmu da Njamena, ɗakin gwajin Farsha da ke can ya fi mana kusa.

Mai Kili, Garwa:
Allah ya saka da alheri. Ba kumburi, ba rama. Amma na sa an sukwane ta da yamma, Baba, ana jin iskar ƙarara. Malam, shekaranjiya aka yi mata allurar ƙarshe, in kira likitan gobe?

Malamin Dabbobi, Ngaundare:
Dakata tukuna, Alhaji. Da magani a jikinta farantin na iya fitowa fes alhali ciwon na nan. Tsayar da allurar, ka bari sai ta sake nema, kada kuma a kai ta wurin ingarma a wannan zagayen. Ranar ɗiba a naɗe wutsiya, a wanke bayanta da sabulu da ruwa mai tsabta, in ba haka ba ƙazantar waje za a gwada maka. Samfurin ya tafi cikin kula mai ƙanƙara, ya isa ranar.