Ina zan samu bulon da ke jure wuta?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni maginiyar tukwane ce a wani ƙauye kusa da Ringim. Tun kakanninmu a fili muke toya randa da tulu, da kara da kashin shanu. Bana iska ta yi mini ɓarna, tulu 30 na jera, 11 suka tsage.

Sai ɗana ya gina mini rufaffen murhu da jan bulo, wuta biyu kacal ya dare. An ce akwai bulon da ke jure wuta, da ma'aunin zafi mai kai digiri 1,000. Ɗan nawa ya zaga Sabon Gari a Kano, wani ma tayil ya nuna masa! Don Allah wa ke sayar da su, ko sai an je Suleja? Bulo guda 200 nake nema, ba tirela ba.