Tambayoyin ASSIST da Hausa sun cije mini a aikin kammala digiri

Assalamu alaikum malamaina. Ina shekarar ƙarshe, bincikena kan shaye-shayen matasa ne a Gombe, da ASSIST, ma'aunin tantance haɗarin shaye-shaye na Hukumar Lafiya ta Duniya mai tambayoyi 8.

Ga inda na maƙale. In ka karanta wa yaro sunan rukunin ƙwayoyi yadda takardar ta zo, sai ya girgiza kai. Ka ce tiramol, kodin ko sholisho, nan take ya amsa. Makinsa kan tashi daga ƙasa da 4 ya shiga matsakaicin haɗari, wanda ke buƙatar shawara. Idan na sa sunayen da ake kiransu a unguwa, ingancin ma'aunin ya lalace? Ko fassara da mayarwa Turanci ta wadatar? Don Allah a taimaka.