Wai Polo Grounds na New York filin ƙwallon doki ne irin namu?

Ɗan Ƙofar Soro:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare ina kallon wani tsohon bidiyo baƙi da fari a YouTube, wani ɗan wasan besbol yana sheƙa gudu ya juya baya ya cafe ƙwallo ta saman kafaɗa, an rubuta Polo Grounds 1954, to ni sunan ne ya tsaya mani a rai don ban ga doki ko ɗaya ba. Mi ya haɗa polo da besbol? Kuma filin na nan har yanzu?

Na Daura:
Wa alaikumus salam. Willie Mays ka gani ɗan'uwa, ɗan kulob ɗin Giants, a wasan farko na gasar ƙarshe ta shekarar. Sunan gado ne kawai, filin farko da ke kusa da Central Park shi aka yi don ƙwallon doki, daga baya Giants suka riƙa buga besbol a cikinshi, da suka tashi suka koma arewacin Manhattan sai suka tafi da sunan. Filin dogo ne sosai, tsakiyarshi ya kai ƙafa 483, shi ya sa Mays ya samu wurin yin wannan gudun, a wani filin da tuni ƙwallon ta tsallake katanga. An rushe shi 1964 an gina gidajen bene.

Baban Khalifa:
Ni rushewar nan ita ke ci mani rai wallahi. Ebbets Field ma haka aka yi mashi a 1960, kuma nan ne fa Jackie Robinson ya fara buga ma Dodgers ranar 15 ga Afrilu 1947, baƙar fata na farko a babbar gasar a wannan zamanin, ya sha zagi daga 'yan kallo har da 'yan wasa amma ya daure, yau lambarshi 42 an jingine ta a duk kulob-kulob tun 1997 amma filin da abin ya faru babu shi, kulob ɗin ma ya koma Los Angeles. Ina tuna ganuwarmu in na karanta irin wannan, da ƙuruciya mun hau ta, yanzu wurare da yawa sai dai ka nuna ma yaro da baki. Allah ya sa filin polo namu da muka gada tun zamanin Sarki Dikko da Nagogo ya tsira.

Maman Hanif:
Amin Baban Khalifa. Amma ba duka aka rushe ba ai. Fenway Park na Boston tun 1912 ake wasa cikinshi, da wata koriyar katanga mai tsawon ƙafa 37, allon makin da ke jikinta har gobe da hannu ake canza shi. Nan Babe Ruth ya yi suna kafin a saida shi ma Yankees, kulob ɗin Boston ɗin, Red Sox, daga 1918 ba su ƙara ɗaukar kofi ba sai 2004. Wrigley Field na Chicago kuma 1914, ko fitilar wasan dare ba su sa ba sai 1988.

Ɗan Ƙofar Soro:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Hajiya wannan Fenway ɗin ko shi ne na masu Liverpool?

Maman Hanif:
Shi ne, daga filin kamfanin nasu ya samo suna, 2010 suka sayi Liverpool.