Banɗakin Hajiya da harajin VAT: wa ya taɓa samun rangwame a Birtaniya?

Maman Khalifa, Leicester

Assalamu alaikum 'yan uwa. Surukata ta samu shanyewar ɓarin jiki bara, kuma tun da aka sallamo ta daga asibiti tana wurinmu. Gidan namu irin na nan ne, banɗaki a sama, matakala kuma ƙunci kamar tsani. Yanzu a falo take kwana, ruwan alwala a roba nake kawo mata, kuma ina ganin yadda abin yake cin ta a rai ko da ba ta faɗa ba. Mun yanke shawarar mayar da ɗan ɗakin ajiya na ƙasa banɗaki mai shawa. Magini ya kawo lissafi, fam 7,000, sannan ya ɗora VAT, wato harajin da ake sawa kan kaya da ayyuka, fam 1,400. Wata maƙwabciya ta ce bai kamata mu biya harajin ba. Don Allah wanda ya taɓa yin irin wannan aiki ya ba mu labarin yadda ya kwashe.

Ɗan Zariya, Manchester

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Yaya, kada ki biya ko sisi kafin a gyara wannan takarda. Ni na yi kuskuren, shi ya sa nake gaggawar faɗa miki.

Na sa wa Baba kujerar hawa bene shekara biyu da suka wuce, na biya kuɗin duka har da kashi 20 na VAT, a tunanina daga baya zan cike fom gwamnati ta mayar mini. Da na buga wa HMRC, wato hukumar harajin ƙasar, sai suka ce ba su suke mayarwa ba. Tun farko mai aikin ne ba zai sa harajin a lissafi ba, idan kuma ya riga ya karɓa, shi za a koma wa. Na yi wata huɗu ina zarya tsakanin waya da imel kafin kuɗina su dawo.

Abin da ake buƙata ɗan shafi ɗaya ne. Ana rubuta sunan mara lafiya da adireshinsa da irin larurar, a sa hannu, a ba magini ya ajiye a wurinsa. Ba a aika wa HMRC. Samfurin fom ɗin yana shafin gwamnati, ƙa'idojin kuma suna cikin sanarwar VAT mai lamba 701/7. Gina banɗaki ko gyara shi saboda larurar wanda ke zaune a gidan yana ciki, haka gangaren keke a bakin ƙofa, da faɗaɗa ƙofa, da kujerar bene.

Uwar Biyu, Birmingham

Ni matsalata ba magini ba ne, mahaifina ne, Allah ya ƙara masa lafiya. Ciwon suga ya ci ƙafarsa har aka yanke yatsu biyu, ga ido ya yi rauni. Da na kawo masa takardar ya ga kalmar naƙasa a sama, sai ya ture ta. Ya ce shi da ƙafarsa yake zuwa masallaci, ba zai sa hannu a ce masa musaki ba don a rage masa kuɗi. Kun san dattawanmu. A wajensu wannan kalma tana da nauyi, tana kai tunani ga mai bara a bakin titi, shi kuma mutum ne da ya yi aiki shekara talatin yana ciyar da gida nan da Katsina.

Na yi sati ban sake ta da maganar ba. Sai wani dare ya zame a baho yana ƙoƙarin ɗaga ƙafa ya wanke. Bai karye ba, alhamdulillahi, amma na same shi zaune a ƙasa ya kasa tashi, kuma ya ƙi kiran kowa saboda kunya. Washegari na zauna na karanta masa abin da takardar ta ce. Ba naƙasa kaɗai ta ambata ba, har da ciwo mai daɗewa, kuma ciwon suga na cikin misalan da hukumar da kanta ta bayar. Ba a neman takardar likita, ba a neman a ce mutum yana karɓar wani tallafi. Na ce masa, Baba, wannan ba sadaka ba ce, haraji ne da doka ta ce ba ya kanka. Ya yi shiru, can ya ce in miƙo biro.

Ina faɗin wannan ne don na san gidajenmu da yawa a nan ne abin yake tsayawa, ba a ofis ba. Idan Hajiyarki ba ta iya riƙe biro saboda hannun, maigidanki zai iya sa hannu a madadinta. Amma ku gaya mata abin da aka rubuta, kada a yi a bayan idonta.

An cire bahon, an yi shawa da ƙasanta daidai da daɓen ɗaki, da kujera a jikin bango da famfo ƙasa-ƙasa. Yanzu a zaune yake alwala shi kaɗai, ba ya jiran kowa kafin asuba.

Malam na Luton

Ƙarin bayani ga waɗanda iyayensu tsufa ne kawai, ba wani ciwo. Tsufa shi kaɗai bai isa a cire harajin gaba ɗaya ba, haka karayar da za ta warke. Amma wanda ya kai shekara 60 ana rage masa zuwa kashi 5 a kan wasu kaya: ƙarfen dafawa, gangare, kujerar bene, kujerar shawa, da baho mai ƙofa. Sharaɗin shi ne wanda ya sayar shi zai kafa. Ni na je shago na sayo ƙarafunan dafawa na Inna, na kira wani yaro ya ɗaura, sai na tashi da kashi 20 cif. Kuɗin ba su da yawa, amma da kujerar bene ce da na ji a jikina.

Maman Khalifa, Leicester

Na gode ƙwarai. To kicin fa? Muna so a saukar da wurin wanke-wanke don ta riƙa taɓa ɗan girki daga kan keke, ita ba ta iya zama haka nan.

Injiniya, Bradford

Maman Khalifa, a nan za ki biya. Lokacin da muka yi wa ɗana gyara, shi da aka haifa da larurar laka, na ɗauka komai na gidan zai shiga. Banɗaki ya shiga, faɗaɗa ƙofofin da suke nan ya shiga, amma aikin ginin kicin da ƙarin ɗakin kwana bai shiga ba. Har ƙofa ma, faɗaɗa tsohuwa daban, fasa sabuwa a bango daban. A ganina wannan ragon azanci ne, don mai keke yana buƙatar ya ci abinci kamar yadda yake buƙatar wanka, amma haka dokar take. Ki ce wa magini ya raba lissafin gida biyu, abin da ba haraji a gefe, mai haraji a gefe.

Abin da ya fi VAT girma kuma shi ne tallafin ƙaramar hukuma na gyaran gida ga masu larura. A Ingila yana kaiwa fam 30,000, a Wales 36,000. Ga babba ana duba samunsa da ajiyarsa, ga yaro ɗan ƙasa da 18 ba a dubawa. Za su turo ma'aikaciya ta ga yadda Hajiya take motsi a gidan. Kada magini ya fasa ko tayil ɗaya kafin su amince a rubuce, don wanda ya fara aiki kafin nan yana iya rasa tallafin. Jira akwai shi, mu mun yi watanni, ba zan ɓoye miki ba.

Bayan an gama, ki nemi ragin harajin gida na ƙaramar hukuma. Idan akwai ƙarin banɗaki saboda mai larura, ko fili na keke a cikin gida, ana saukar da gidan rukuni ɗaya. Mu daga C aka mayar da mu kuɗin B. Ba wanda ya gaya mana, sai da muka shekara uku muna biya cikakke.

'Yar Damagaram, Ottawa

Sannunku mutanen Ingila. Mu a Kanada akasin naku ne, sai ka biya tukuna ka ajiye rasit. Ga wanda ya kai 65 ko mai shaidar larura, ana sa kuɗin gyaran har dala 20,000 a takardar harajin shekara. Da na cike ta 2023 kashi 15 aka rage, wato iyakarsa dala 3,000. Daga harajin da ke kanka ake cirewa, don haka mahaifiyata da ba ta da wani samu ba ta amfana ba, ni da take hannuna na sa a tawa.

Maman Khalifa, Leicester

Na dawo da labari. Na nuna wa maginin sanarwar, da farko ya ce shi bai taɓa ji ba, ya tafi ya tambayi akawunsa, jiya ya turo sabon lissafi babu fam 1,400 ɗin. Hajiya ta sa hannu da hagu bayan Baban Khalifa ya karanta mata. Aunty Uwar Biyu, labarin Babanki na fara ba ta kafin in fito da takardar. Mun kuma buga wa ƙaramar hukuma, sun sa mu a layin ma'aikaciyar da za ta zo dubawa, don haka na ce magini ya dakata. Injiniya, ku da kuka jira, akwai abin wucin gadi da suka ba ku na wanka kafin aikin ya fara? Sanyi ya kusa shigowa, kuma ba na so ta ƙara wani hunturun da roba a falo.