Gansakuka ta kama gilashin tankin kifina

Abban Hanifa, Barnawa: Salamu alaikum. Tankina lita 60 ne, na shuka Anubias, wani tsiron ruwa, a ciki. Wata koriyar gansakuka mai ɗigo-ɗigo ta kama gilashi da tsofaffin ganye, sai da reza take fita. Na gwada ruwan, fosfet, sinadarin da tsirrai ke ci, kusan babu. Ashe ba yawansa ke jawo ta ba? Abin ya dame ni.

Maman Sadik, Unguwar Rimi: Wa'alaikumussalam. Irin wannan sau da yawa ƙarancinsa ne, tsirrai sun shanye wanda abincin kifi ke bari. Ka ɗaga shi sannu a hankali zuwa miligiram 1 a kowace lita.

Malam na Kawo: Awa nawa fitilarka ke yi? Anubias ba ta son haske mai yawa, awa 7 ya isa.

Abban Hanifa: Awa 12, Malam, tun da na sa sola. Yau zan rage.