Baftisma: mu bar ta haka, ko akwai tamu ta Hausa?

A ajin baftisma ranar Lahadi wata yarinya ta tambaye ni, "Malam, mece ce Hausar baftisma?" Na yi shiru. Tun Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 wannan kalmar muke karantawa, har Yahaya ma Mai Baftisma muke kiransa. Daga Helenanci ta zo, asalin ma'anarta kuwa tsoma abu cikin ruwa.

Na kai wa 'yan'uwa tambayar nan, ga amsoshin da suka bayar.

Wani ya ce "wankan tsarki". Ban yarda ba. Duk Bahaushen da ya ji wannan, wankan janaba zai fara zuwa masa a rai, wanda ake maimaitawa duk lokacin da buƙata ta taso. Baftisma sau ɗaya ce a rayuwa.

"Wankan tuba" ta fi kusa, don Yahaya tuba ya yi wa'azi a Kogin Urdun. Amma jaririn da ake yi wa a Katolika da Angilikan fa, wane zunubi ya furta?

Masu "nutsarwa" sun fi yawa, kuma na gane dalili. A ɗarikar ECWA nutsar da mutum ake yi, a ɗarikar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) ma har sau uku. Romawa sura 6 ta ce binne mu aka yi tare da Almasihu, muka tashi sababbi. Sai dai kalmar ta ɗauki ɓangare, ta bar masu zuba ruwa a ka a waje, alhali su ma 'yan'uwa ne.

Wadda ta taɓa zuciyata ita ce ta wata baba a zumuntar mata: "rini". Ta ce, "Ɗana, ka je marinar Ƙofar Mata a Kano. Farin ƙyalle ake tsomawa cikin baba, in ya fito ba ya sake komawa fari, kowa ya gan shi ya san inda ya shiga." Helenawa ma da tushen wannan kalma suke faɗin rina tufa.

Ni dai ga inda na tsaya: a katin baftisma da kan bagade a bar "baftisma", tunda duk ɗarikoki sun yarda da ita. Amma ranar Lahadi in yarinyar nan ta dawo aji, da rinin baba zan amsa mata.